KAFIN A AUNA HALINKA, A AUNA TIYAR

Cikakken jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya gabatar a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a birnin Maraɗi.

 

Batun da aka ɗora mini shi ne takardun nan na gwajin hali da na salon koyo, waɗanda suka shigo mana ta ƙofofi da yawa. Matasanmu na cika su a salula, su fito da haruffa huɗu su ce sun gano ko su wane ne. Wanda ya ajiye dosiyen neman aiki a banki, ko a kamfani, ko a furoje, yakan iya cin karo da su bayan jarrabawar rubutu. Masu shirya horo kuma suna karɓar jikkuna domin su faɗa wa ma'aikaci irin kan da Allah ya ba shi. Abin ya wuce wasa, domin da irin wannan takarda ana iya ba mutum aiki ko a hana shi, ana iya karkatar da yaro daga hanyar da zai ci abinci, kuma mutum da kansa yana iya rufe wa kansa ƙofar da ba wanda ya rufe masa.

A babbar kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, ko a ta Tsibiri ranar Laraba, ba wanda ke sayen hatsi bai dubi tiyar da za a auna masa ba. Ni ma abin da na zo mu yi ke nan. Tambayoyi uku ake yi wa kowace tiya. Abin da ta auna yau, shi za ta auna gobe? Abin da ta ce ta auna, shi ake iskewa in an je gida? Sannan, don irin hatsinmu aka ƙera ta?

ASALIN ABIN

Auna ƙwaƙwalwa da takarda ya fara ƙarfi a Faransa a 1905, lokacin da Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya gwajin gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. Gwajin hali kuma yaƙi ne ya haife shi: lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Robert Woodworth ya tsara wa rundunar Amurka jerin tambayoyin "i" ko "a'a" domin a tace sojan da ba zai iya jure ƙarar igwa ba. Ku lura da kyau, tun farko hukuma ce ta nemi abin domin ta tace mutane. Batun mutum ya san kansa daga baya ya zo.

Wanda ya fi shahara a yau shi ne MBTI. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da ɗiyarta Isabel Myers suka tsara shi a shekarun 1940, bisa littafin da masanin nan na ƙasar Suwis, Karl Yung, ya fitar a 1921. Yana raba mutane ta fuska huɗu: mai samun ƙarfi cikin jama'a ko mai samunsa cikin kaɗaici, mai dogara da abin da ido ya gani ko mai hasashe, mai yanke hukunci da lissafi ko da tausayi, mai son tsari ko mai barin ƙofa buɗe. In aka haɗa su, gida 16 ke fitowa, kowa a jefa shi ɗaya.

To, mu yi masa tambayar farko. A 1993 David Pittenger ya duba binciken da aka yi a kansa, ya nuna cewa in an sake yi wa mutane gwajin bayan mako 5 kacal, waɗanda ke faɗawa wani gida dabam na iya kaiwa rabi. Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin mutane a tsakiya suke, ba su cika surutu ba, ba su cika shiru ba. A ce an ja layi an raba mazan Maraɗi gida biyu, dogaye da gajeru: duk wanda ke bakin layi, takalmi kaɗai ya isa ya sauya masa gida. Tiyar da ke cika yau ta rage gobe, dillalin kirki ba ya riƙe ta. Kuma kamfanin da ke sayar da MBTI shi da kansa ya ce bai dace a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ba.

Wani zai ce: ai ni na cika, kuma abin da ya faɗa a kaina gaskiya ne. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji, bayan mako ɗaya ya miƙa wa kowa bayanin halinsa, ya ce su ba shi maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya haura 4. Sai ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya ba su duka, daga littafin masu duban taurari ya tsinto ta. Maganar da ta dace da kowa, kowa yakan ji kamar don shi aka yi ta. Masu duba a ƙasa sun daɗe da sanin wannan sirri.

MANYAN HALAYE BIYAR

Akwai gwajin da ya fi wancan tushe. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsince kalmomi kusan 18,000 masu siffanta mutum daga ƙamus na Ingilishi. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tankaɗe da rairaya har abin ya tsaya kan ginshiƙai biyar: son sabon abu da zurfin tunani, himma da tsari, son shiga jama'a, sauƙin kai da daɗin zama, sai natsuwa ko saurin damuwa. Wannan gwaji ba ya jefa mutum cikin gida. Yakan nuna masa inda ya tsaya a kan kowane ma'auni, sama ko ƙasa ko tsakiya. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka tattara bincike 117, suka ga cewa himma da tsari na tafiya da kyawon aiki a kowace sana'a da suka duba. Alaƙar tana nan, amma ba ta da ƙarfin da za a ce daga ita kaɗai an san ma'aikaci.

Saura tambaya ta uku, wadda ta fi shafar mu. A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙidaya mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam. Aka iske kashi 96 cikin 100 daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suke, alhali ƙasashen ba su wuce kashi 12 cikin 100 na mutanen duniya ba. A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai gwajin wurin mutanen Tsimane, manoma da mafarauta na ƙasar Bolibiya, ginshiƙai biyar ɗin suka ƙi fitowa. A 2019 Rachid Laajaj da abokansa suka duba amsoshin mutane sama da 94,000 a ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, ciki har da Gana da Kenya, suka iske cewa inda ake yin tambayoyin baki da baki, sau da yawa ba sa auna abin da aka shirya su auna.

Mu nan mun san dalili ba sai an faɗa mana ba. A aika yaro ɗan boko da takarda wurin dattijo a Jiratawa, ya tambaye shi: "Baba, kai mai yawan magana ne?" Zai ce to. "Kai mai yawan shiru ne?" Zai ce to. Ladabi ne ya amsa, domin ba a musu da baƙo. A tambayi Bahaushe ko yana ganin ya fi tsaransa iya aiki, kunya za ta sa ya ce a'a, ko da shi ne gwanin unguwa, sai takarda ta rubuta masa rashin yarda da kai. Matar da ba ta ɗaga murya gaban surukanta, a same ta tana karɓar zubin adashe a ga ko mai shiru ce. In kuma da Faransanci aka yi gwajin, a ƙasar da waɗanda suka iya karatu da rubutu cikin manya ba su kai rabi ba, to Faransancin mutum aka fara aunawa kafin halinsa.

Mu ma muna da namu kalmomin. A 1974 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya kafin ya koma koyarwa a Okusfod, ya wallafa nazari kan abin da Hausawa ke nufi da mutumin kirki, ya jera siffofi goma, cikinsu akwai gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Ku duba ku gani: kusan dukkansu ba a ganin su sai tsakanin mutum da mutum. Bature ya tambayi mutum yadda yake jin kansa. Bahaushe ya tambayi maƙwabta yadda suke jin zama da shi.

GWAJIN IYAYEN GIDA

Alhazai, ku kuna da gwajinku tun kafin a haife mu. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya bayyana yadda kasuwancin garin nan ya ginu kan ubangida da baransa, da yadda ake auna attajiri da arzikin mutane kamar yadda ake auna shi da kuɗi. Yaro yakan fara da shara da aike. A ba shi canji fiye da kima a ga ko zai maido. A bar masa shago na yini ɗaya. A aike shi Jibiya, sannan Katsina, sannan Kantin Kwari a Kano da kuɗi masu nauyi. Sai bayan shekaru a ɗaura masa jari. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ilimin zamani ya ba ku gaskiya a nan. A 2010 Brian Connelly da Deniz Ones suka nuna cewa shaidar waɗanda suka san mutum a kan halinsa ta fi shaidar da ya ba kansa iya hango yadda zai yi aiki. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ga shi kuma mai neman aiki ya san amsar da ake so: wa zai rubuta da hannunsa cewa shi malalaci ne?

Sai dai wannan hanya ma tana da giɓinta. Tana cin shekaru. Ba ta ganin wanda ba ya kusa da zauren Alhaji, wato ɗan talakan ƙauye da mafi yawan mata. Kuma amana ba ƙarfe ba ce. Tun 1928 Hugh Hartshorne da Mark May suka gwada dubban ƴan makaranta a Amurka, suka ga yaron da ba ya satar amsa a aji yana iya maguɗi a wasa, wanda ba ya taɓa kuɗi yana iya ƙarya. Hali na aiki, yanayi ma na aiki. Saboda haka yaron da aka yarda da shi ma a riƙa yi masa lissafi, a rubuta shiga da fita. Littafin lissafi kariya ce ga ubangida, kariya ce ga mutuncin bara.

SALON KOYO

Yanzu ga malamai da iyaye. Waɗanda suka yi karatun koyarwa da Faransanci sun ji sunan Antoine de La Garanderie, wanda a 1980 ya yaɗa ra'ayin cewa akwai masu koyo da ido, akwai masu koyo da kunne. A 1987 Neil Fleming na ƙasar Niyu Zilan ya fito da nasa mai gida huɗu: ido, kunne, karatu da rubutu, da taɓawa da hannu. A 2004 Frank Coffield da abokansa a Ingila suka ƙirga irin waɗannan tsare-tsare har 71. Ra'ayin ya shiga jini, har wani bincike na 2012 ya iske kashi 93 cikin 100 na malaman da aka tambaya a Birtaniya, da kashi 96 a Holan, sun gaskata shi.

Amma a 2008 Harold Pashler da abokansa uku suka yi tambaya mai sauƙi: in aka koya wa "mai ido" da hoto, "mai kunne" da magana, sun fi ganewa fiye da in an musanya? Suka duba abin da aka wallafa, ba su sami hujjar da ta isa a gina makaranta a kanta ba. Gaskiya ne kowa na da hanyar da ta fi masa daɗi. Daɗi dabam, ganewa dabam.

Abin da ake koyo shi ke zaɓar hanyarsa. A fadamar Jiratawa, inda aka shimfiɗa noman ban-ruwa a farkon shekarun 1980, ba wanda ya koyi jan ruwa a kwali ko yankan zogale da sauraro kaɗai, sai ya shiga laka. Taswirar ƙasa da ido ake koyon ta. Tajwidi da kunne. Ɗinki da gyaran mota da hannu. Yaron da aka ce masa "kai mai hannu ne, karatu ba naka ba ne", an yi masa fashi da rana tsaka. Sau da yawa ma ciwon yaron harshe ne: ana yi masa darasi da harshen da ba ya ji. Tun 1973 ƙasar nan ta buɗe makarantun gwaji masu farawa da harshen gida, kuma wannan tambaya ta fi ta ido da kunne nauyi nesa ba kusa ba.

Me ke aiki ga kowa? Abu biyu bincike ya fi tabbatarwa: mutum ya rufe littafi ya jawo abin daga kansa, kuma ya rarraba bitar cikin kwanaki maimakon ya haɗiye ta dare ɗaya. A gwajin Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006, bayan mako ɗaya waɗanda suka yi ta gwada tunawa sun riƙe kashi 61 cikin 100 na abin da suka karanta, masu maimaita karantawa kuma kashi 40. Wanda ya zauna makarantar allo ya san wannan: a biya, a hardace, a kawo hadda ba tare da duba allo ba, a wanke, a koma tilawar baya. Mai shirin bak ko kwankur na shiga aikin gwamnati ya ari wannan dabara, ba sai ya biya ko dala ba.

HALI ZANEN DUTSE NE?

Karin maganar ta faɗi rabin gaskiya. Hali na da nauyin sauyawa, amma yana sauyawa. Brent Roberts da abokansa sun nuna a 2006 cewa yawancin mutane na ƙara himma da natsuwa yayin da shekaru ke tafiya. Ga kuma misali daga kusa. A Lome ta ƙasar Togo, a 2014, aka raba ƙananan ƴan kasuwa 1,500 gida uku. Kashi ɗaya aka koya musu lissafi da dabarun talla irin na kullum. Kashi na biyu aka horar da su kan zafin nama: neman sabuwar hanya ba tare da jiran umurni ba, hango matsala kafin ta iso, da naci bayan faɗuwa. Kashi na uku ba a yi musu komai ba. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta kashi na farko kuma da 11. Abin da muke cewa baiwa ce, ashe wani sashensa ana koyon sa.

Tarihin garin nan ma shaida ne. Ambaliyar 1945 ta ci tsohon gari a kwari, mutane suka hau tudu suka sake gini. Gyaɗa ta faɗi bayan farin shekarun 1970, ƴan kasuwa suka juya ga fataucin kaya zuwa Nijeriya. Darajar sefa ta karye da rabi a watan Janairu na 1994, iyaka ta rufe a 2019, ta sake rufewa a 2023, kasuwa ba ta mutu ba. Mutanen da suka yi wannan ba su tsaya cikin gida ɗaya daga gida 16 ba.

INDA SIYASA TA SHIGO

Ƴan'uwa ma'aikata, kun san haruffa ukun nan na Faransanci, PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Taron Ƙasa na 1991 ya yi tir da wannan cuta, amma ba ta bar mu ba. Wasu na ganin gwajin hali zai zama maganinta, tunda takarda ba ta da ƙane. Ina jan kunne: gwajin da ba a bayyana yadda ake ba da makinsa ba ya fi kowace hanya sauƙin ɓoye son kai. Wanda aka kayar a lissafi yana iya neman a sake duba takardarsa. Wanda aka ce masa "halinka bai dace ba", ina zai kai ƙara?

Don haka ga abin da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa su nema. Na ɗaya, duk ma'aikatar da za ta yi gwajin hali ta faɗi sunansa da nauyin makinsa tun cikin sanarwa. Na biyu, kada ya zama shi kaɗai ke kayar da mutum. A sa mai nema ya yi samfurin aikin, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya gaban alƙalai fiye da ɗaya. Na uku, a ba mutum sakamakonsa, kuma kada a miƙa shi ga wani ba da izninsa ba. Na huɗu, tunda dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, masananmu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ta Abdu Mumuni su tattaro kalmomin hali na Hausa kamar yadda Allport ya yi da Ingilishi, su ƙera mana tiyar da aka gwada kan hatsinmu.

Ga wanda kuma ke son sanin kansa, ban ce ya jefar da takardar ba. Ya cika ta, ya fi kyau irin ta ginshiƙai biyar, ya sake cikawa bayan wata biyu ya ga abin da ya tsaya. Ya kai sakamakon wurin mutum uku da suka san shi ta fuska dabam-dabam, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, da tsaransa, da wanda ke ƙarƙashinsa, ya roƙe su gaskiya, ya kuma iya haɗiye ta. Ya duba tarihinsa: bashi nawa ya biya kan lokaci, aiki nawa ya fara ya ƙare, me ke tayar masa da fushi. Sannan ya zaɓi hali ɗaya tak ya yi aiki a kansa wata uku. In takarda ta ce ba ka da tsari, ta nuna maka wurin gyara ne, ba ta ba ka lasisin makara ba.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Takarda mudu ce, amma ba ta san ka ba. A haɗa su biyu, a ƙara da shaidar jama'a da ta aiki, sannan a yi magana kan halin mutum, kuma ko a lokacin a bar masa ƙofar gyara a buɗe.

 Allah ya ba mu sanin kanmu, ya sa albarka a kasuwa da aiki.